Yadda Za Ka Ƙera Fiffiken da Zai Sa Kwale-kwalenka Ya Miƙe Ɗoɗar

Tun ranar da na ɗora hoton ƙaramin kwale-kwalena a kife a bakin Gulbin Rima, kusa da gadar Kwalkwalawa, tambaya ɗaya ake ta maimaita mini: wannan katakon da ke tsaye a ƙarƙashin wutsiyarsa mene ne, kuma yaya ake yin sa? Na amsa wa mutane ɗai-ɗai har na ga gara in zauna in rubuta gaba ɗaya, kowa ya samu.

Fiffike ne, irin na kifi. Ba a gulbi na koyo shi ba. A Legas na fara ganin sa, lokacin da nake aiki can ina shiga jirgi zuwa Tarkwa Bay ranar hutu, inda samari ke hawan igiyar teku a kan allo. Kowane allo da ka juya za ka tarar da fiffike a ƙasan wutsiyarsa, wani ɗaya, wani uku. Tun 1935 da wani mai hawan igiyar teku, Tom Blake, ya fara kafa shi a jikin allo a Hawai, masu wannan wasa ba su daina gyara siffarsa ba, kuma abin da suka gano yana aiki a ruwanmu ma. Sai dai duk wanda ya kwafo fiffiken teku yadda yake ya kafa a Rima, yashi zai karɓe shi a rana ta farko. Ilimin za a ɗauko, awon kuwa na ruwanmu ne.

Ga aikinsa a taƙaice. Duk sanda ka ja filafili ta gefe ɗaya, goshin jirgi yana son ya kauce zuwa ɗaya gefen, wutsiyar kuma ta zame zuwa gefen da ka ja. Da ta fara zamewa, ruwa zai daina bugun fiffiken kai-tsaye, ya riƙa zuwa masa a karkace. Ta fuska ɗaya ruwan ya matsa shi, ta ɗaya fuskar ya yi sauri ya janye shi, sai wutsiyar ta koma kan layinta. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, shi ya sa katakon da bai wuce tafin hannu biyu ba yake iya riƙe jirgi mai tsawon mita huɗu.

1. Auna ruwanka kafin ka taɓa zarto

Ɗauki gora ka bi hanyar da ka saba bi, ka nemo inda ruwa ya fi ƙaranci. A rani za ka yi wannan awo, domin Rimar watan Agusta da ta watan Maris kamar ba gulbi ɗaya ba ne. Sannan ka loda jirgin kamar yadda ka saba, ka ga nawa yake nutsewa. Tazarar da ta rage tsakanin ƙasan jirgi da yashi ita ce gonarka, kuma kada fiffiken ya ci fiye da rabinta.

Ka lura da ciyawa kuma. Mai shiga Tafkin Kware ko gefen fadama inda kacalla ta yi yawa, matsalarsa dabam da ta mai tuƙi a tsakiyar dam na Goronyo, inda zurfi ba abin damuwa ba ne amma iska tana da fili.

Gargaɗi: fiffike ba ya hana jirgi kifewa. Miƙar da tafiya kawai yake yi. Jirgin da aka yi wa lodin da ya fi ƙarfinsa zai nutse da fiffike ko babu, kuma mun rasa mutane da yawa a nan jihar Sakkwato ta wannan hanya. Rigar kariya daga nutsewa tana gaba da duk abin da zan faɗa a ƙasa.

2. Zana siffar a kwali

Abu uku za ka yanke wa hukunci, kuma kowanne yana ba ka wani abu ya karɓe wani.

Gindi shi ne tsawon inda fiffike ya haɗu da jirgi. Gindi mai faɗi yana ba ruwa wurin jingina, jirgi ya riƙe layinsa, amma juyawa ta yi nauyi. Tsayi shi ne nisan da ya nutsa ƙasa. Dogon fiffike ya fi riƙo domin ya kai ruwan da ke kwance, wanda cikin jirgi bai dama ba, sai dai shi ne mai cin karo da yashi. Na uku shi ne kwanciya, wato yadda bakinsa na gaba ya jingina baya. Masu hawan igiyar teku sun san cewa fiffike mai tsayuwa cak yana juya allo nan take, mai kwanciya kuwa yana yin kwana mai faɗi cikin natsuwa.

Mu a nan kwanciya ce ta fi komai amfani, saboda ciyawa da zaren taru suna sulalewa ta kan bakin da ya kwanta, amma suna naɗe wanda ya tsaya. Ga kwale-kwale mai mita 4 zuwa 5 a Rima, ni awon da nake bayarwa shi ne gindi santimita 20 zuwa 25, tsayi santimita 10 zuwa 12, bakin gaba ya kwanta aƙalla digiri 45. Mai zurfin ruwa irin na Goronyo yana iya kai tsayin santimita 18 ko 20. A saman gindin ka ƙara harshe miƙaƙƙe mai santimita 3, shi ne zai shiga mazauninsa daga baya.

Yanke kwalin, ka kife jirgin, ka ɗora ka ja da baya ka duba. Gyaran kwali kyauta ne.

Kuskuren da na fi gani: mutum ya ce bari ya ƙara girma don ya fi aiki. Duk santimitar da ka ƙara ruwa zai goge ta, kafaɗarka ce za ta biya a kowane jan filafili. Nawa na farko santimita 22 na ba shi, irin wanda na gani a Legas. Kwana uku ya yi. Ya caki tudun yashi, ya fizge ƙusoshinsa, ya bar mini tsaga a katakon jirgi da na yi mako ina toshewa.

3. Kayan aiki da abin da za ka kashe

Kana bukatar guntun filawud biyu masu kaurin milimita 9, kowanne kamar girman littafin makaranta. Idan ka samu irin wanda ake yi don ruwa, madalla. Idan babu, zaɓi mai yawan fallaye wanda ba ramuka a bakinsa. Sai zarto mai siririn baki, magagarin katako, samfefa lamba 60 da 120 da 220, fensir, tef na awo, zare, da matsi biyu na kafinta. Sai gam ɗin ifoksi mai ruwa biyu, yadin faiba rabin mita, buroshi mai arha, safar hannu, takunkumi da fenti na mai. Ga mazauni kuma, sanduna biyu na maɗaci masu tsawon santimita 30, da sukurori na ƙarfen da ba ya tsatsa.

Kada ka sayi fallen filawud guda. Je wurin kafintoci ka nemi ragowar yanka, kuɗinsa ba zai wuce na kwanon abinci ba, wani ma kyauta zai ba ka. Zarto da matsi aro ake yi. Inda kuɗi yake tafiya shi ne ifoksi: shi kaɗai yakan ci fiye da rabin abin da za ka kashe. Yadin faiba kuwa nemi masu gyaran bambar mota, suna yanka wa mutum gwargwadon bukatarsa. Idan ku uku ne masu jirgi, ku haɗa kuɗi ku sayi ifoksi gwangwani ɗaya, zai ishe ku har ya yi saura. Ware kwana uku, yawancinsu jiran bushewa ne.

Gargaɗi: farin gam na kafinta ba na ruwa ba ne, zai saki. Kuma ruwan faiban da masu bamba ke amfani da shi, mai warin nan mai hawa kai, yana narkar da farin soso irin na kwalin firij. A kan katako babu laifi, amma mai allon da aka yi da irin wannan soso kada ya kusantar da shi.

4. Manna, sannan ka yanka

Shafa ifoksi a fuskokin filawud biyun, ka haɗa, ka matse, ka bar su kwana. Yanzu kana da kaurin milimita 18, da layin gam a tsakiya daidai. Wannan layin shi ne jagoranka a mataki na gaba, shi ya sa manna biyu ya fi katako ɗaya mai kauri. Ɗora kwalinka, ka zana, ka yanka ta wajen layin, ka daidaita bakin da magagari.

5. Sassaƙa kaurin

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mutane ke gajiya su tsallake. Katako mai baki murabba'i da aka tsoma a ruwa birki ne. Ruwa yana bugun bakinsa ya watse, ya bar kumfa da juyi a bayansa. Abin da kake so shi ne ruwa ya rabu a gaba ba tare da faɗa ba, ya lafe a jikin fiffiken har ƙarshe, ya sake haɗuwa a baya shiru. Ka sayi ragon ruwa ka dube shi ta sama, za ka ga siffar da muke nema: kai mai dunƙule, kauri a kafaɗa, sannan sirancewa a hankali har wutsiya.

Raba faɗin fiffiken gida uku, daga gaba zuwa baya. A ƙarshen kashin farko ka ja layi da fensir daga gindi har ƙoli, yana bin lanƙwasar bakin gaba. Yi haka a fuska biyun. Wannan layin shi ne wuri mafi kauri, kada magagari ya taɓa shi. Daga shi zuwa gaba ka gangaro da lanƙwasa gajeriya har bakin ya zama dunƙulalle kamar jikin fensir. Daga shi zuwa baya ka gangaro doguwar gangara, kusan miƙaƙƙiya, har bakin ya rage kamar milimita ɗaya da rabi. Wajen ƙoli kuma ka rage kaurin gaba ɗaya zuwa kusan rabi. Harshen da zai shiga mazauni ka bar shi yadda yake.

Da ka fara ci za ka ga abin da ya sa nake son filawud. Fallayensa za su fito ɗaya bayan ɗaya, fari da ja, fari da ja, kamar zanen tabarma. Idan layukan suna tafiya tare, tazararsu daidai, gangararka lafiya lau. Inda layi ya yi ciki, ka yi rami. Inda ya kumbura, akwai tudu. Juya ɗaya fuskar ka ƙirga: in fallaye uku suka bayyana a nan, uku za su bayyana a can. Ranar da nake wannan aiki a inuwar wani gawo, wani dattijo daga cikin Sarkawa ya tsaya a kaina ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, wanga abu da kaka gogewa, mi za ya ƙara ma jirgi?" Na miƙa masa. Ya rufe ido, ya bi shi da babban yatsa daga gaba zuwa baya, ya tsaya a wani wuri kusa da gindi ya ce, "Nan da saura." Na duba layukan, ashe kuwa akwai tudu. Tun daga ranar nake gwadawa da yatsa kafin ido.

Gama da samfefa, 60 sannan 120.

Gargaɗi: kada ka wasa bakin gaba kamar wuƙa, ko da yake hankali yana ba mutum cewa kaifi ne zai yanka ruwa. Ruwa ba ya zuwa wa fiffike a miƙe koyaushe. Baki mai dunƙule yana haƙuri da ruwan da ya zo a karkace har wajen digiri 15 kafin ruwan ya ɓalle daga jikinsa. Mai kaifi tun kafin nan yake saki, wutsiya ta zame a daidai lokacin da kake bukatar riƙo. Ga shi kuma yana yanka ƙafar yaran da ke wanka kusa da jirgi.

Gargaɗi na biyu: fuska biyun su zama iri ɗaya. Fiffiken da gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu zai riƙa jan jirgi gefe ko ba ka so. A allon teku ana yin haka da gangan ga fikafikan gefe, ciki a shafe, waje da tudu, domin su kama ruwa a kwana. Na tsakiya kuwa koyaushe rabi da rabi ne, kuma naka na tsakiya ne.

6. Rufe shi da faiba

Zafin Sakkwato ne abokin faɗanka a nan. A watan Afrilu, da rana ta haura digiri 40, ifoksin da aka dama a kofi yakan yi zafi da kansa ya daskare kafin ka shafa rabinsa. Na taɓa ganin nawa yana hayaƙi a cikin kofi. Yi aikin bayan sallar asuba, a ɗaki ko inuwa, ka dama kaɗan-kaɗan a faranti mai faɗi, ka bi awon da aka rubuta a gwangwani ba ƙari ba ragi. Ƙara ruwan daskarwa ba ya sa shi saurin bushewa, lalata shi yake yi ya bar shi da danƙo.

Shafa ifoksi a katakon tukuna ya sha. Ɗora yadin faiba, ka danna da buroshi har farinsa ya ɓace katakon ya bayyana ta cikinsa. Inda ya rage fari, iska ce a ƙarƙashi, danna ta fita. Falle biyu a kowace fuska. Kashegari ka yanke rarar, ka goge da 120, ka sake shafa ifoksi siriri, musamman a bakuna inda ruwa ke samun ƙofa. Idan ya bushe ka goge da 220, ka yi fenti, domin rana tana cin ifoksin da ba a rufe ba. Launi mai haske ya fi, in ya faɗa ruwa za ka gan shi.

Gargaɗi: sa takunkumi da safar hannu lokacin gugar faiba, ƙurarsa tana shiga huhu kuma tana sa ƙaiƙayi. A lokacin hunturu kuma ka kifa kwali a kan aikin, in ba haka ba ƙura za ta manne masa ya koma samfefa.

7. Nemo mazauninsa kafin ka huda jirgi

Kafa fiffiken a ɗan falankin katako na wucin gadi, ka ɗaure falankin a ƙasan jirgi da robar tayar babur zagaye biyu. Fara da kamar santimita 50 daga ƙarshen wutsiya. Shiga ruwa mara gudu, ka tuƙa ta gefe ɗaya kawai, kana ƙirga jan filafili nawa za ka yi kafin goshin jirgi ya kauce daga bishiyar da ka sa a gaba. Ka riga ka yi wannan ƙirga ba fiffike, don ka san daga inda ka taso.

Matsar da shi baya, ƙirgan zai ƙaru, juyawa ta yi wuya. Matsar da shi gaba, jirgi zai saki jiki. Santimita biyar-biyar za ka riƙa matsawa. Mai jefa birgi da ke bukatar juyawa a wuri ɗaya zai so shi gaba kaɗan, mai dogon zango da kayan lambu zai so shi baya. Gwada da lodi, ka gwada babu lodi.

Gargaɗi: dole ya zauna cikin ruwa gaba ɗaya koyaushe. Idan gindinsa yana leƙowa sama, iska za ta bi jikinsa ta gangara, riƙon ya tafi lokaci ɗaya. Jiragenmu da yawa wutsiyarsu a ɗage take, don haka kada ka kai shi can ƙarshe.

8. Kafa shi yadda zai ciru

Ja zare daga tsinin goshi zuwa tsinin wutsiya, shi ne tsakiya. Kafa sandunan maɗacin nan biyu a gefe da gefen layin, ka bar rami tsakaninsu daidai kaurin harshen fiffike. Huda ramin sukuru da abin da ya fi shi siranta, ka cika da ifoksi kafin ka ɗaura, ka kuma tabbata tsinin bai ɓulla cikin jirgi ba. Sassaƙe goshin sandunan su yi gangara. Zura harshen, ka huda rami biyu da suka ratsa sanduna da harshe, ka cusa turaku na icce mai taushi kamar kaurin fensir.

Turakun icce ne da gangan. In ka daki dutse ko kututture, su za su karye, fiffike ya fita, jirgi ya tsira. Ɗaura masa ɗan igiya don kada ya tafi. Kuma ranar da za ka tura da gora a ruwa iya gwiwa, ko za ka ja jirgi kan tudu, sai ka zare shi ka ajiye a ciki.

9. Saurari abin da ruwa ke gaya maka

Idan jirgi yana ja gefe ɗaya kullum, mayar da zare ka duba, ko mazaunin ya karkace ko fuska ɗaya ta fi tudu. Idan kana jin kuka ko rawa a ƙarƙashinka in ka yi sauri, bakin baya ne ya yi kauri ko ya dunƙule, ruwa yana ɓallewa dama da hagu bi da bi. Goge shi da samfefa ta fuska ɗaya kaɗan, kukan zai ɗauke. Idan jirgi ya yi nauyi farat ɗaya, ciyawa ce, ja baya sau biyu ta saki. Idan iskar hunturu ta bugo ta gefe ka ga goshi yana bin iska ya ƙi dawowa, fiffiken ya yi yawa, rage shi ko ka matsar da shi gaba.

Gargaɗi: da damina, ko aka saki ruwan Goronyo gulbi ya cika yana gudu, fiffike yana ba ruwan abin kamawa idan ka gitta masa, yana iya juya maka wutsiya ba shiri. Kada ranar farko ta gwaji ta zama irin wannan rana, kuma kada ka fita kai kaɗai.

10. Ga 'yan'uwan da ke Legas da allon teku

Biyu daga cikin masu tambaya allo ne da su, don haka ga nasu. Yawancin gajerun alluna suna da fikafikai uku, tsarin da Simon Anderson na Ostareliya ya fito da shi a 1980. Na gefe biyu suna zama kamar inci 11 daga wutsiya, goshinsu ya ɗan kalli hancin allo, ƙolinsu ya buɗe waje digiri 6 zuwa 8, na tsakiya kuma kamar inci 3 da rabi daga wutsiya. Duba ramin allonka kafin ka saya, domin fiffiken kamfanin FCS ba ya shiga ramin na kamfanin Futures. Girma kuwa da nauyin jikinka ake zaɓa: mai kilo 65 zuwa 80 matsakaici ne nasa. Dogon allo mai fiffike ɗaya, ana farawa da inci ɗaya ga kowace ƙafa ta tsawonsa. Wajen ɗaurawa, fuskar da take a shafe ita ce ke kallon tsakiyar allo. Na ga wanda ya juya su ya kwana biyu yana zargin ƙafafunsa.

Mai kwale-kwale kuma, duk ƙarshen wata ka zare fiffiken ka duba ƙolinsa, nan yashi ke fara ci. Da ka ga katako ya leƙo ta ƙarƙashin fenti, shanya shi kwana biyu a inuwa, ka ɗiga ifoksi a wurin kafin ka mayar. Turakun icce kuma ka riƙa ajiye huɗu a aljihun rigar kariyarka.